Bututun Gas a Teburina

Juma'a da dare, unguwar Al Gharrafa, ƙasar Larabawa

Na gaji. Ɗalibaina sun zo cin tuwo kamar kullum, amma Sani ɗan Katsina da Lawali ɗan Maraɗi sun ƙi haɗa kwano. Bincikensu ɗaya ne, kan bututun gas: ya ratsa Nijar ko ya bi gaɓar teku? Yanzu kowa ƙawancen ƙasarsa yake karewa.

Lawali ya ce, "Malam, su fa suka yanke mana wuta, kakata tana kwana cikin zafi."

Sani ya ce, "Ai ku kuka fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, khalas, shi ke nan!"

Idan suka rabu, dukansu sun faɗi. Na ce kowa ya rubuta hujjar ɗan'uwansa, ya turo mini. Wadda Lawali ya rubuta ta iso, saura ta Sani. Har yanzu ina duba waya.