Irin Tumatirin Inna

Haɗeja

Zuwa ga Mairam,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙanena Ɗahiru da yara? Mu dai mun tsira da rai, alhamdu lillahi, amma ambaliya ta rushe ɗakina na baya, ta share ɗan lambun tsakar gida.

Ba ɗakin ne ya dame ni ba. Irin tumatirin Inna, mahaifiyarmu, yana rataye a ciki, a ƙullin toka. Kin san shi: dogo, tsoka zalla, kaɗan ya ishi miyar gida guda. Duk shekara ni ke zaɓar manya, in matse, in wanke 'ya'yan, in shanya a inuwa. Tun rasuwarta ban ba kowa ƙwaya ɗaya ba, don kada a lalata shi. Shi ya sa ko ku ban taɓa aiko muku da ɗanye ba, sai kauɗa, wanda na yanka na busar. Yanzu ga shi a hannuna ya ƙare. Na duba na kasuwa, ruwa ne kawai cikin fata.

Ki gaya wa Ɗahiru labarin, ni ba zan iya gaya masa ba. Kuma kada kowa ya zo mini jaje.

Ku huta lafiya,
Barira

Guri

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara na gaishe ki. Allah Ya mayar da alheri. Ba jaje zan yi ba. Ki kwance ƙullin da direba zai miƙa miki tare da takardar nan.

Yaya, rana busar da tumatir take yi, ba ta kashe 'ya'yansa. Shekarar da na roƙe ki iri kika ce hannuna bai kai ba, na jiƙa kauɗar da kika aiko, na tsince 'ya'yan, na yafa a bayan ɗaki. Suka fito. Tun daga nan rani bai taɓa wuce ni ban shuka shi ba. Miyar da kika ci ranar sunan 'yarmu Najwa, har kika ce ashe na fara iya girki, tumatirin Inna ne daga lambuna. Ɗahiru ya sani, tsoronki ya hana shi magana.

Ba zan ce ki yafe mini ba, don ban ga laifina ba.

Allah Ya ƙara girma,
Ƙanwarki, Mairam

Haɗeja

Mairam,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Na yafa, sun tsiro. Shi ne, ganyen kawai na gani na gane. Na yi kuka, kuma ba sai mijinki ya ji ba.

Wankinki bai yi ba, akwai sauran yauƙi a jikin 'ya'yan. In na zo zan nuna miki.

Na raba irin biyu, na kai wa Bashira, ƙawata da ke kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Ta tambayi inda na samo. Na ce daga lambun matar ƙanena a Guri, wadda duk garin ba mai hannunta, kuma ni na koya mata.

In kun haɗu, kada ki ƙaryata ni.

Allah Ya yi miki albarka,
Yayarki, Barira