Abin da Habibu ya faɗa a aji

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya maigida da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi? Mu nan Lafia sai godiyar Allah.

Maganar Habibu ɗan Yaya Sani ce ta sa na rubuto. Kwanaki aka ba mu malamai horo kan yadda za mu koya wa yara gane abin da ke ransu, su kuma faɗe shi. Da na koma aji na ce kowa ya faɗi yadda ya tashi yau. Wani ya ce da yunwa, aka yi dariya. Da aka zo kan Habibu sai ya sunkuyar da kai, ko Malama bai ce ba, ya ce, "Goggo, ni fushi nake da Baba. Ya tafi Asakiyo bai tashe ni ba, kuma bai dawo ba."

Yaya, tun hatsarin da ya ci ran Yaya Sani muke yabon yaron nan da dauriya, ashe ba wanda ya tambaye shi ne. Na tsaya da alli a hannu, sai hawaye. Yanzu kuma hedimasta ya janye darasin, wai jarrabawa ta matso. Habibu ya koma shirunsa.

Ki sa shi a addu'a, ki kuma kira shi, don yana jin maganarki. Ki gaida mutanen gida. Allah ya jiƙan Yaya Sani.

Ƙanwarki,
Rakiya