Ɗigon Fa da Aka Karanta a Matsayin Kuskuren Yaro

Asama'u Halliru,
Gida mai lamba 14, bayan layin teloli,
Al Satwa, Dubai.
16 ga Yuni, 2013.

Zuwa ga:
Alhaji Maharazu Sulaiman,
Shugaban Sashen Sauraron Ƙorafe-ƙorafe,
Kamfanin Al-Mi'yar Mai Tantance Mujallun Zane,
Deira, Dubai.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RAGE DARAJAR MUJALLAR "MALLAH AN-NIL", FITOWA TA FARKO (1974), LAMBAR RAJISTA 2207, DA NEMAN A GYARA BAYANIN DA AKA LIƘA MATA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ni ce mai suna a sama, ɗaliba 'yar shekara goma sha bakwai, 'yar Malam Halliru, mai kula da sito a wani shagon kayan yaji da ke Al Ras. Ban taɓa rubuta wa ofis takarda ba. Idan na yi kuskuren lafazi a yi mini afuwa. Na zaɓi Hausa ne saboda an shaida mini kai Bahaushe ne, kuma maganar tawa ba ta fita daidai da wani harshe. Na gwada da Larabci har sau uku a ofishinku, ba ta fita ba.

Ga ƙorafina daki-daki.

1. Mujallar da ake magana a kanta ba tamu ba ce. Ta maigidan mahaifina ce, wanda kuma shi ne ya tsaya masa a kan biza shekara goma sha tara. Sunansa yana kan fom ɗinku. Mutum ne mai tara tsofaffin mujallun zane, kuma wannan ita ce abar alfaharinsa. A shekarar 2011 kamfaninku ya duba ta ya ba ta maki 9.0 cikin goma. Da ya ji mai zanen, wanda duniya ta sani da laƙabin Al-Jawwal, zai zo daga Khartoum bikin baje kolin mujallu, sai ya sa aka fasa akwatin robar da kuka rufe ta a ciki, ya damƙa wa mahaifina ita domin ya kai a sa mata hannu a gaban wakilinku. Bisa ƙa'idarku, sa hannun da wakili ya gani da idonsa yana samun takarda ruwan zinare, darajar mujalla ta ɗaga. Wanda ba a gani ba kuwa ana lissafa shi a matsayin ɓata bango.

2. Ranar Asabar, 6 ga Afrilu, 2013, da safe aka kira mahaifina tashar jiragen ruwa, kwantenar shagon ta iso kuma babu mai sa hannu sai shi. Ya rasa yadda zai yi. Ya dube ni ya ce ai ni ce mai karance-karancen gidan, na fi shi sanin waɗannan abubuwa, in kai. Bai sanar da maigidansa ba. Wannan laifi ne, mun amsa shi, ba mu zo nan domin mu musa ba.

3. Na bi layi tun ƙarfe ɗaya har kusan huɗu, mujallar tana cikin jakarta, na rungume ta da hannu biyu. A hanya na haddace gaisuwar da zan yi da Larabci. Da na iso gaban teburin na ga dattijo mai farin gemu yana kallona, sai komai ya gudu daga kaina. Ban san lokacin da na durƙusa na ce masa ina wuni Baba ba, kamar yadda nake gaida abokan mahaifina. Ranka ya daɗe, sai ya ajiye alƙalaminsa. Ya amsa mini da Hausa, irin ta mutanen da, ya tambaye ni 'yar wane ce ni, daga wane gari. Ya ce shi haifaffen Mai Wurno ne a ƙasar Sudan, kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka suka zauna a hanya. Ya ce rabon da a gaishe shi haka tun rasuwar mahaifiyarsa. Wakilinku, Mista Yunana, yana tsaye a gefe, har ya yi dariya ya ce ashe dattijon ɗan gida ne.

4. A nan abin ya faru. Maimakon laƙabin da ya saba zanawa, sai ya rubuta sunansa na yanka da ajami a ƙasan bangon, a hankali: Faruƙu ɗan Safiya. Ya ce mini babu wanda ya taɓa samun wannan a wurinsa. Na yi ta godiya. Wallahi na ɗauka alheri na kawo wa maigidan mahaifina. Mista Yunana ya buga hatimi a fom, wanda tun farko an buga masa suna Al-Jawwal, ya karɓi mujallar daga hannun dattijon kai tsaye. Daga wannan lokaci ban sake taɓa ta ba.

5. Ranar 21 ga Mayu aka dawo da ita a rufe, da takarda ruwan toka, maki 5.5. An rubuta a jikin takardar cewa sa hannun bai dace da samfurin da ke hannun kamfani ba, kuma rubutun da ke bango "rubutun yaro ne mai kurakuran ɗigo". Ina roƙon a duba wannan da kyau, domin shi ne tushen maganar. A rubutun da ake koya mana a gida, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Mai tantancewarku ya saba da rubutun nan ƙasar, inda fa ke da ɗigo a sama, ƙaf ke da biyu. Ya ga fa ɗin farkon Faruƙu bai gane shi ba, ya karanta ƙaf ɗin a matsayin fa, sai ya yanke cewa yaro ne wanda bai iya ba. Babu kuskure ko ɗaya a rubutun nan. Mutum ne mai shekara saba'in da shida ya rubuta sunansa yadda aka koya masa yana ƙarami.

6. Dattijon ya rasu ranar 11 ga Mayu, Allah Ya jiƙansa. Babu mai tambayarsa yanzu. Tun daga rasuwarsa masu saye suke neman duk abin da ya sa wa hannu ruwa a jallo, tamu kuwa an ce ko rabin darajarta ta da ba za ta yi ba.

7. Na je ofishinku ranar 26 ga Mayu, da 2 ga Yuni, da 10 ga Yuni. A zuwan farko an ce in zo da babba. A na biyu an ba ni takarda mai bayanin launukan takardunku, wadda na riga na haddace. A na uku na zana haruffan biyu a bayan tikitin bas ina nuna wa matar da ke kan tebur, ta ce mini khalas habibti, wato shi ke nan 'yata, hukuncin masu tantancewa ba ya sauyawa. Na nemi Mista Yunana aka ce ba ma'aikaci ba ne, kwana biyun bikin kawai aka ɗauke shi. Da ƙyar na samo lambarsa ta hannun wata ƙawar mahaifiyata. Ya ce ya tuna komai, amma shi ba ya karanta ajami, kuma har yau babu wanda ya kira shi daga kamfani. Shi ne ya ba ni sunanka.

8. Maigidan mahaifina ya karanta kalmar yaro a jikin takardarku, ya kuma gano ni na kai mujallar. Ya san ni, ya sha ganina a bakin shago da littafin rubutuna, domin ina ƙoƙarin rubuta labarina na farko kuma ba na rabuwa da biro. Ya haɗa biyun ya yanke hukunci. Ya ce mahaifina ya ci amana, ya bar 'yarsa ta yi wasa da dukiyar mutane, sannan ya zo masa da tatsuniya. Ya karɓe makullin sito. Ya ce ranar 30 ga wannan wata zai soke bizar. Mu huɗu muke zaune a ƙarƙashinta, da shi da ni da mahaifiyata da ƙanwata, kuma saura mini shekara ɗaya in gama makaranta. Mahaifina bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Kullum da safe yakan sa kayan aikinsa ya je ya zauna a kan benci a ƙofar shagon har a tashi, don kada a ce ya gudu.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon abubuwa uku. Na ɗaya, ka sa a kawo maka hoton bangon da ke cikin fayil ɗinku ka duba da idonka, domin duk wanda ya riƙe allo yana ƙarami zai karanta shi a numfashi ɗaya. Na biyu, a kira Mista Yunana ya ba da shaida. Lambarsa tana haɗe da wannan takarda tare da kwafin fom mai hatiminsa. Na uku, a sake duba mujallar a ba ta takardar da ta cancanta.

Idan na ukun ya saɓa wa ƙa'idar kamfani, ban isa in ja da ƙa'ida ba. A bar makin yadda yake, a bar launin ma. A cire kalmar yaro kawai, a rubuta wa maigidan mahaifina layi ɗaya a takarda mai tambarinku kafin ranar 30, cewa rubutun nan a gaban wakilinku aka yi shi kuma ba hannun 'yar Halliru ba ne. Wannan kaɗai zai mayar masa da makullinsa.

Mahaifina bai san na rubuto ba. Ina roƙon amsar ta zo da sunana.

Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamaninka.

'Yarka mai biyayya,

Asama'u Halliru