Bencin Baya

Litinin, 3 ga Maris
Wai sai an zo an kalli yadda nake koyarwa kafin a ba ni lasisin malanta. Ni da alli ya cinye wa yatsu tun kafin a haifi wasu daga cikin masu dubawar. Wanda ya faɗi kuma a karɓe ajinsa, a mai da shi ofis gadin takardu. A taɓa mini aji ukuna a gani.

Laraba, 5 ga Maris
Hedimasta ya ja ni gefe. "Malama, ranar ki tura 'yan bencin baya wani aji, ki aro masu ƙoƙari." Na ce masa ban saba aron 'ya'ya ba. Da nawa zan shiga.

Talata, 11 ga Maris
Mai dubawar ta zo. Yarinya ce sa'ar autata, da wata ƙatuwar jaka. Na ajiye mata kujera a gaba, ta wuce ta, ta je ta matsu a bencin baya cikin yara. Na yi darasin lissafi, 'yan gaba sai ɗaga hannu suke, raina fes. Da aka tashi sai ta ce, "Mama, kin iya bayani. Amma daga can ba a ganin ƙasan allo, kuma ba ki kira kowa a cikinsu ba." Lasisi wai sai ta dawo wata mai zuwa.

Har da wani Mama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Raina ya ɓaci matuƙa.

Alhamis, 13 ga Maris
Maigida ya ce ko dai da gaskiyarta. Yau shi ya haɗa wa kansa shayi.

Litinin, 17 ga Maris
Gwiwata ta matsa mini, na zauna a bencin baya suna kwafar aiki. Teburina ya tare rabin allon. Ɗalibar da ke kusa da ni ta ce a hankali, "Malama, mu dama ƙeya kawai muke gani."

Laraba, 19 ga Maris
Na sa an ja teburin zuwa jikin bango. Saboda rana ne, tana dukan idona. Har yanzu haushin mai jakar nan nake ji.

Ɗalibar nan ta bencin baya ta ɗaga hannu yau. Amsarta ba daidai ba ce. Tun farkon shekara na ɗauka ba ta magana ne.