Shafi'u Ba Zai Dawo Gonar Dogon Dawa Ba

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa babban wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma dole in yi maka maganar ɗanka Shafi'u.

Ka san yadda na koyi kwamfuta. Ƙasidun da ake sayarwa a tashar Kaduna na bi, ina jan layi da biro a ƙarƙashin duk abin da ban gane ba, har na buɗe shagon buga takardu a nan Birnin Gwari. Kai kuwa kana dariya, kana cewa: “Ilu, na'urarka ba ta fitar da dawa.”

Da ciwo ya kwantar da kai, abu ɗaya ka nanata mini: “Kada yaron nan ya yi nisa da uwarsa da gonar Dogon Dawa.” Na ce na ɗauka.

Saboda haka da lokacin zaɓen kwas a jami'a ya zo, na yi ta nazari. Na ga kimiyyar kwamfuta, na ga fasahar sadarwa, sai na ce masa ya ɗauki ta farko. A lissafina, zai ƙware a abin da nake yi, ya dawo ya karɓi shago, da damina ya leƙa gona idan hanya ta yi lafiya. Haka na faɗa wa mahaifiyarsa, Yaya Hajara, ta sa albarka.

Ya zo hutun ƙarshen shekara. Na zaunar da shi a shago, na ba shi takardar gayyatar suna ya buga, don in ga abin da ya koyo. Ya buga, amma ban ga ya fi ni sauri ba. Cikin ladabi ya ce: “Baffa, ai mu ba a koya mana buga takarda.” Sannan ya shiga lissafa mini: lissafi mai zurfi, rubuta manhaja, haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, tsare bayanan banki daga ɓarayi. Idanunsa na ƙyalli, Yaya. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar girbi.

A nan na gane kuskurena. Wa zai ba shi wannan aiki a garin da sai an hau tudu ake samun sabis? Ashe abin da na ɗauka zai ɗaure shi a gida, shi ne zai kai shi Abuja ko Legas. Kuma da bakina na zaɓa masa.

Zan iya cewa ya sauya kwas, kuma zai bi, don bai taɓa yi mini musu ba. Na yi ta juya maganar a raina. Yaya, ba zan iya ba. Na bar shi ya koma.

Har yanzu Yaya Hajara na ce wa maƙwabta ɗanta zai dawo ya riƙe shago. Gobe in sha Allahu zan je in durƙusa in faɗa mata gaskiya. Kai ne babba, shi ya sa na fara da kai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya tsare Shafi'u a hanyar dajin nan, Ya ba uwarsa haƙurin abin da za ta ji. Ka yafe mini, Yaya.

Ƙanenka mai jin kunyarka,
Iliyasu