Tagogin Ɗakin Kallonka

Baban Mariyama,

Assalamu alaikum. A lakwal, makarantar boko, an koya mana a fara wasiƙa da tambayar lafiya da gajiya, sai ga shi na rubuta sallama na tsaya ina kallon takardar. Wace lafiya zan tambaye ka? Na san babu motar da ke zuwa inda kake, kuma ba za ka karanta wannan ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma tun da ka tafi ban samu wanda zan yi ta da shi yadda nake so ba. Ka yi haƙuri ka saurara, kamar yadda ka saba saurarona ina surutu kana gyaran wayoyin tele.

Damina ta yi kyau bana. Yayanka Malam Idi ya sa an noma gonarku ta Matankari, hatsi ya yi, an kawo mana rabonmu har da wake. Inna mahaifiyarka tana nan, ƙafar ce dai ke damunta, ta daina zuwa kasuwa. Akuyar nan taka mai taurin kai ta haifi tagwaye, kuma har yau ba ta bar cin igiyar shanya ba. Mariyama ta shiga lakwal. Haƙoranta na gaba sun zube, in za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe baki, kai sak. Ranar farko ni na riƙe hannunta har bakin aji. Kai ne ka yi mata alkawarin kai ta a kan moto, babur ɗin nan naka, kuma ba ta manta ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ɗakin kallon ƙwallonka na bakin tasha.

Ka tuna yadda ka gina shi? Taga ɗaya ka yi masa, ita ma ka rufe ta da bargo don kada haske ya ɓata hoton tele. Ƙofa kuwa a rufe take in an fara wasa, saboda masu leƙe. Ni ina zaune a bakin ƙofar da tasar kopto, kwaɗon ganyen nan, da ruwan sanyi ina sayarwa. In aka je hutun rabin lokaci aka buɗe, hayaƙi ne ke fara fitowa kafin mutane, kamar an sa wa bola wuta. Direbobi, 'yan kabu-kabu, ma'aikata, kowa da karan tabarsa. Kai ne kake fitowa daga ƙarshe, idanunka jawur, ka jingina da bango kana jan iska kamar mai ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi.

Ba ka taɓa sa taba a bakinka ba. Wannan ne abin da har yau na kasa haɗiyewa. Da hukarka, ciwon nan na sarƙewar numfashi, aka haife ka. Inna ta ce aljana doguwa ce ta taɓa ka kana ƙarami, har garin Lugu ta kai ka neman magani. Majo, malamin asibiti, kuma ya ce ciwon ƙirji ne da ake zama da shi har tsufa, in dai mutum ya nisanci hayaƙi. A gabana ya faɗa maka. Da muka fito na tuna maka, sai ka yi dariya ka ce masu shan tabar baƙinka ne, yaya za ka dubi mutumin da ya girme ka ka ce ya kashe tabarsa. Ka ce in ka hana su, za su koma wani ɗakin. Ka ce za ka dinga fita kana shan iska. To yaushe ka fita? Wa zai riƙe tele in ka fita?

Ranar nan ta bazara ba na son tuna ta, amma kullum ita ke zuwa da kanta. Wasan ƙarshe ne, bayan la'asar, mutane sun cika har ana zama a ƙasa. Aka ɗauke wutar kuran, ka ruga ka tada gurup, injin ba da wuta, ka dawo kana haki. Tele ta kama, fanka ta ƙi. Ina waje na ji ɗakin ya ɗauki ihu an ci ƙwallo, har na yi murmushi, na ce yau ciniki zai yi kyau. Ashe a lokacin kana ƙasa bayan tele, pompin maganin da kake shaƙa yana hannunka, ba ya yi maka komai. Suna tsalle suna rungumar juna, ba wanda ya waiwaya. Gado ne ya gan ka, abokinka na ƙuruciya, wanda kullum yake zama kusa da kai da tabarsa a hannu. Shi ya ɗauko ka ya fito da kai yana kiran sunanka. A cikin mota ka riƙe wuyan hannuna, bakinka yana motsi. Me kake so ka ce mini? Na sunkuya na kasa kunne, ban ji komai ba sai wannan ƙarar ta ƙirjinka. Kafin magariba an rufe ka da zane.

Na san ajali ne. Ban yi jayayya da Mai kowa ba. Amma an ce kowace mutuwa da sanadinta, kuma ni na ga naka da idona yana fita ta ƙofa.

Da na fita takaba aka yi zaman dangi a kan ɗakin. Ka san Malam Idi bai taɓa son sa ba. Ya ce ƙwallo ɓata lokaci ce, tana hana samari salla, gara a rufe a mai da wurin ma'ajiyar siminti. Na durƙusa na roƙe shi ya bar mana, don da shi muke ci, kuma shi ne abin da hannunka ya gina. Ya ce ya yarda, da sharaɗin a kashe tele duk lokacin da aka kira salla. Na ce na amince, kuma ni ma ina da nawa sharaɗin: ba za a ƙara kunna taba a cikin ɗakin ba, ko wane ne. Ya daɗe yana kallona. Tun da na shigo gidanku, ranar ce na fara ganin hawaye a idon yayanka.

Gado kuwa, tun da aka kai ka makwanci ya ɓace. In ya hango ni a hanya sai ya sake kwana. Wata safiya na zo buɗe ɗakin na tarar da shi tsaye da guduma. Ko gaisuwar kirki bai iya yi ba. Ya shiga ya cire bargon nan ya jefar, ya fara fasa bango. Ya fasa gabas, ya fasa yamma. Ƙura ta lulluɓe shi, hawaye suka yi masa hanya a fuska, bai tsaya ba. Na kawo ruwa na ajiye masa. Yanzu ɗakinka yana da manyan tagogi, iska tana ratsa shi. Hoton tele ya ɗan dusashe da rana, gaskiyarka ce a nan, amma ana gani. Gado ne ke riƙe da wurin in tuƙin mota bai fitar da shi kan hanya ba. Bai iya barin taba ba, ya gwada ya kasa. In ta motsa masa sai ya fita can gindin itacen bedi ya sha shi kaɗai, ya wanke baki ya dawo.

Kada ka zaci abin ya zo da sauƙi. Da yawa sun koma wani ɗakin kamar yadda ka ji tsoro. Wasu suka ce yaushe mace ta fara kafa wa maza doka. Akwai dattijon nan tsohon ma'aikaci mai farar hula, wanda kake ajiye wa kujerar gaba. Ya zo ya zauna ya kunna abinsa kamar bai ji ba. Gado ya kasa yi masa magana, ni na shiga. Na gaishe shi, na roƙe shi ya fita waje ya sha. Ya ce mai wurin ma bai taɓa hana shi ba. Baban Mariyama, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa gaskiya ne, shi ya sa yau mai wurin ba ya nan. Ya kashe tabar a ƙasa, ya ɗauki sandarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Na koma wurin tasata. Amma wasu sababbi sun fara zuwa, har da magidanta masu riƙo hannun 'ya'yansu, waɗanda da ba sa yarda su shiga.

Akwai labarin da nake ta jan ƙafa kafin in ba ka. Mariyama ta gaji ƙirjinka. Da sanyin da ya wuce ciwon ya fara tashi mata. Inna ta zo da garwashi da wani turare, ta ce a lulluɓe ta da zane ta shaƙa, haka aka yi maka. Na ƙi. Ban taɓa yi wa mahaifiyarka musu ba sai ranar. Ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Daga baya da kanta ta raka mu asibiti, ta zauna a kan benci da yarinyar a cinyarta tana share ido. Yanzu in maƙwabta suka kunna shara, ita ce ke fita da sandarta tana faɗa.

Kwanakin baya ma'aikatan lafiya sun kira taro, suka gayyaci masu gidajen abinci da ɗakunan kallo da direbobi, a kan hana shan taba a wuraren da jama'a ke taruwa a rufe. A can na ji ashe dokar ta daɗe a takarda, aiki da ita ne ba a yi. Wasu suka tashi suka ce za a kashe musu kasuwa, wasu suka ce kowa da 'yancinsa. Ni da ko a biki ba na iya magana a gaban mutane, sai na ga na miƙe. Na ce ban hana kowa shan tabarsa ba, sararin Allah yana da faɗi. Amma iskar ɗaki ƙwarya ɗaya ce, kowa daga ciki yake sha, da mai so da marar so. Na ba su labarinka. Na ce akwai masu kunya irinka da ba za su taɓa iya cewa babba ya kashe taba ba, ko da ransu zai fita, kuma don irinku ake yin doka. Da ana aiki da ita, ba sai ka ce kai ka hana ba. Sai ka nuna bango ka ce hukuma ce, kuma babu wani ɗakin da za su gudu su koma. Ban san ko maganata za ta canza wani abu ba. Wasu sun sunkuyar da kai, wani kuma na ga yana fita ya kunna tasa a bakin ƙofa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na yi fushi da kai. Cikin takaba, ana zuwa ana yabonka, ana cewa ba ka taɓa ɓata wa kowa rai ba, ni kuwa zuciyata tana tafasa. Ka ji kunyar kowa a garin nan, amma ba ka ji tausayinmu ba? Wannan halin naka ne ya sa na so ka tun ranar da ka kasa ɗaga kai ka dube ni a gidanmu, kuma shi ne ya raba ni da kai. Fushin ya wuce yanzu. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini.

Da aka zo raba kayanka sadaka, na ɓoye riga ɗaya, shuɗiyar nan da kake sawa ranar wasa. Tana ƙasan akwatina, ban wanke ta ba. In kewa ta yi mini yawa nakan fiddo ta in sa fuskata a ciki, ko zan ji ƙamshinka. Ba na jin komai sai warin tabar mutane. Na tsani warin nan fiye da komai a duniya, amma na kasa kai ta wurin ruwa, don in ya fita ban san abin da zai rage mini ba.

Allah ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya shi, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Matarka,
Rakiya, uwar Mariyama
Dogon Dutsi