Dutsen Magarya Ya Iso

Yaya Mudathir,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Sanyin Jamus bai kisa, yatsu kawai yake tsagawa.

Dutsen da kunka tono a Magarya ya iso, na haska mai hasken na'urar leza a ɗakin bincike. Ƙwayoyin kowane dutse na da irin rawarsu, hasken da ya dawo ke nuna ta. Naku rawar farar tsakuwa yake yi, ba ta lu'ulu'u ba.

Sodangi dillali ya ce lu'ulu'u ne don ya karci madubi? To sai mi? Yashin gulbi ma na kartar shi. Shi Sodangin ina ya karanci duwatsu, tashar 'yan kabu-kabu?

Kada ku sayar da gonar albasar Baba don haƙar tsakuwa. Albasa, ko ba komi, tana shiga miya.

Ƙanwarka,
Adawiyya